Ƙullin Haɓar Inno

Daga Birni, Damagaram, tsakiyar watan Safar, cikin damina.

Zuwa ga yayata Zuliha, a garin Lami. Daga ƙanwarki Lubabatu.

Da sunan Allah nake farawa. Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Mai Nasara da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya buɗa muku a inda kuke baƙunta, Ya tsare ku daga ciwon da ba a san kansa ba. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sosai bana, geron Kawu Habu a Dakusa ya wuce ƙugu. Ɗan'auta yana nan kan kekensa na ɗinki a Zango, maigidana Idirisu ma lafiyarsa lau. Makon jiya an yi ta kaɗe-kaɗe a gari, wai ƙasa ta samu mulkin kai, amma ni daga tsakar gida na jiyo, don abin da ke gabana bai bar ni na leƙa waje ba. Ki yi haƙuri da ajamina. Kin san tun mahaifinmu Malam yana da rai ke ce mai kyan hannu, ni kuwa allona kullum kamar kaji sun bi ta kai.

Kafin komai, Inno tana da rai. Na sake faɗa miki, mahaifiyarmu tana da rai, tana zaune kusa da ni yanzu haka tana tsince wake. Shekaranjiya na ji cewa wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya tashi daga nan da labarin rasuwarta, kuma ya ce zai biya ya yi muku ta'aziyya. Idan ya riga takardata isowa, ki share hawayenki, ki yafe mini. Laifina ne da ban rubuto tun da wuri ba, amma wallahi na yi kwanaki ban san ko labarin rai zan rubuta miki ko na mutuwa ba. Bari in ba ki shi daga tushe, don ki san yadda aka yi mai rai ta ji ana shirin jana'izarta.

Kin tuna ƙarar nan da muƙamuƙin Inno ke yi in tana cin goro? Ƙas, ƙas, daga gefen dama, har muna yara muke cewa ko a duhu muna gane ta. To ashe abin da muke wa dariya ciwo ne yake tahowa a hankali. Tun azumin bana ta fara dafe gaban kunnenta. Da safe takan tashi da ciwon kai a gefen goshi, bakin kuma ya ƙi buɗuwa sai rana ta ɗaga. Na lura ta koma yanka goro ƙanana da wuƙa, ita da take fasa shi da haƙori. In na tambaya sai ta ce sanyi ne. Muka ɗauka kunne ne, muka yi ta ɗiga mata man shanu mai ɗumi, bai yi komai ba. Sai mata suka ce tsutsar haƙori ce. Bayan ƙaramar salla muka kira Illa wanzami, ya duba ya ce shi bai ga rami ba, amma tunda nan ne ciwon, nan ne tsutsar. Ya cire mata haƙora biyu na ciki, waɗanda take tauna da su. Ni na riƙe mata kai, Yaya. Da ya ajiye su a kan ƙyalle na gan su farare tas, ba huji ba tabo. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Ciwon kuwa bai motsa ba, sai ma ya ƙaru.

Wata guda bayan babbar salla Allah Ya yi wa Gwaggo Jummai rasuwa, aminiyar Inno tun suna 'yan mata. Kin san a unguwar nan ba a wanke mace sai an aiko wa Inno, shekara talatin da biyu ke nan. Na ce ta bari wata ta yi tunda ba ta da lafiya, ta ce wace watan, kuma ko da akwai, Jummai ba za ta tafi a hannun baƙuwa ba. Ta ɗauki ganyen magaryarta da kafur ta tafi. Da hantsi ta dawo, idonta a bushe kamar kullum, ta zauna a bakin ɗaki ta yi hamma. Bakin nan ya buɗe, bai koma ba. Haɓar ta zazzago gaba, yawu yana zuba a kan zanenta, tana so ta kira sunana amma sai wani sauti ke fita. Inno da ko dariya ba ta yi sai ta kare baki da gefen mayafi. Nan take gida ya cika, wannan ta ce iskar gawa ce ta buge ta, waccan ta ce ai dama ba a wanke aminiya. Aka kawo rubutu, ba halin haɗiya. Idirisu ne ya dawo daga kasuwa ya tsawata, ya ce a lulluɓe ta a kai ta asibiti.

A can muka samu majo, wato babban mai jinya da ke ƙarƙashin lokotoro likita, wani dattijo Babarbare da ake kira Ibrahim Kolo. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce ba iska ba ce, ba shanyewar jiki ba ce, gaɓar muƙamuƙi ce ta goce daga mazauninta. Ya zaunar da ita ƙasa-ƙasa, ya jingina kanta da bango, ya naɗe manyan yatsunsa biyu da ƙyalle, ya sa su can ciki ya danna ƙasa a hankali, sannan ya tura baya. Sai muka ji ƙwas, baki ya rufe. Abin da ya tara unguwa guda, bai kai a karanta Fatiha uku ba ya ƙare. Daga nan ya kama yatsana ya ɗora a gaban kunnena ya ce in buɗe baki in rufe, in ji abin da ke motsi. Ya ce wannan ita ce gaɓar, tana gajiya kamar yadda gwiwa ke gajiya, kuma ciwonta yakan ɓoye a kunne ko a haƙori ko a kai. Ya ce alamarta ita ce ƙarar nan, da zafi wajen tauna, da bakin da ke ƙin buɗuwa da safe. Da ya ga gurbin haƙoran da aka cire bai yi faɗa ba, ya dai girgiza kai, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai ya tambaye ni ko tsohuwa tana yawan cije haƙora. Na buɗe baki zan ce a'a, sai fuskar Inno ta faɗo mini, yadda take dawowa daga wanka da jijiya a tsaye a gefen kumatu. Ke kin fi ni sanin wannan fuska, tunda ke kike bin ta da buta. Mai wanka ba ta kuka a kan gawa, ba ta kuma faɗin abin da ta gani a jikin kowa. Ta wanke 'yan matan da ta ga haihuwarsu, ta wanke ƙanwarta, ta ga tabon da mata suka ɓoye wa duniya, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ashe duk a tsakanin haƙoranta take riƙe da su. Majo ya ce to wannan da goron gefe ɗaya su suka cinye gaɓar. Ya hana ta goro da aya da kilishi da duk abin da sai an tauna da ƙarfi, ya ce kunu da fura mai ruwa da tuwo mai laushi. Ya ce a riƙa gasa mata wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, in hamma ta zo ta tallafe haɓa da hannu, in tana zaune ta haɗa leɓe amma ta raba haƙora. Ya ba da ƙwayoyin rage zafi. Sannan ya ce abu mafi muhimmanci shi ne a ɗaure haɓar mako uku, har jijiyoyin da suka saki su kama. Ya ɗauko farin ƙyalle, ya bi da shi ta ƙarƙashin haɓarta, ta gaban kunnuwa, ya ƙulle a tsakiyar kai.

Ni ban ga komai a ciki ba, kin san ni ban taɓa shiga ɗakin da ake wanka ba. Na dai ga Inno ta sandare, ta runtse ido, har muka iso gida ba ta dubi kowa ba. Washegari da hantsi tana kwance a ɗaki ta gefen dama, na lulluɓa mata mayafi saboda ƙudaje na tafi madafa. Kaltuma maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, ta ɗaga labule, ta ga tsohuwa a miƙe da farin ƙyalle a haɓa, ƙulli a tsakiyar kai. Ba ta tsaya tambaya ba, ta fita da salati. Ba na ganin laifinta, domin irin wannan ɗaurin Inno ta yi wa gawar uwar Kaltuma. Kafin in sauke tukunya maza sun fara taruwa a zaure, an tura a ɗauko makara, tsakar gida ta cika da mata. Ina ta rantsuwa ba mai saurarena. A jikin bangon ɗakin nan wata ta tambayi 'yar'uwarta, yanzu wa zai wanke mai wanka. Aka yi shiru, ba wadda ta amsa. Inno tana ciki tana jin su. Sai ga ta ta ɗaga labule ta fito, wasu suka ruga har da barin takalma. Ta sa hannu ta kwance ƙullin, ta ninke ƙyallen ta dunƙule shi a hannunta. Ta ce, da ɗan bakin da take iya buɗewa, ta yi wa mata wannan ɗauri ba adadi, ba ta ga wadda ta tashi ta sha kunu bayansa ba, saboda haka kada wanda ya sake kawo shi kusa da ita tana numfashi.

Kwana ashirin da suka biyo baya su ne mafi ɗaci da na taɓa gani. Haɓar ta sake gocewa sau biyu, sau ɗaya da hamma, sau ɗaya tana tsakiyar salla. Duk lokacin sai an kai ta, kuma kowane gyara ya fi na baya zafi. Tsoro ya shige ta, ta daina buɗe baki gaba ɗaya. Kunu ma sai ta tsotsi ludayi biyu ta tsakanin haƙora ta ture ƙwaryar. Ta rame har awarwaron azurfarta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Majo, Allah Ya saka masa, ya tako har gida. Ya ce duk gocewa tana ƙara sakin jijiya, in ba a ɗaure ba wata rana za ta goce ta ƙi zama, kuma ba muƙamuƙin ne zai kashe ta ba, yunwa ce. Inno ta juya masa baya. Na kawo ƙyalle mai launi, na yago daga atamfar da kika aiko mini bara, na ce ai wannan ba ya kama da likkafani. Ta ce ba launin ba ne, hanyar da yake bi ce. Ɗan'auta ya durƙusa yana roƙo, liman ya aiko cewa magani ba haramun ba ne, duk a banza. Kin san taurin kan Inno, ke kika gado shi.

Ranar da na ga ta kasa ɗaga buta, haƙurina ya ƙare. Na faɗa mata maganar da ba a faɗa wa uwa. Na ce ta rufa wa matan unguwa asiri shekara talatin, yanzu za ta kashe kanta saboda kunyar ƙyalle. Na ce in ta ƙi a ɗaure mata da rai, to nan da mako biyu za a ɗaure mata ba da shawararta ba, kuma ban san wadda za ta yi ba, tunda wadda ta koya wa tana Lami, ni kuwa ko kaza aka yanka kau da kai nake yi. Ta dube ni. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, na tabbata na jawo wa kaina fushin uwa.

Da safe ta kira ni. Ta miƙo mini ƙyallen majo, ashe ba ta yar ba, yana ƙarƙashin matashinta. Ta nuna haɓarta. Na fara naɗawa, sai ta buge mini hannu kamar yadda take yi mana in mun ɓata tuwo. Ta ce ba haka ba, a fara tallafe haɓar da tafin hagu, a bi ta gaban kunne ba ta kansa ba, kada ƙyalle ya naɗe ya bar shaida a fata. Na kwance na sake har sau biyar. Sannan ta ce in saurara da kyau: na mai rai, a kawo ƙullin gefe, a yi shi zarge yadda ja ɗaya zai kwance shi, a bar wurin da ƙaramin ludayi zai shiga. Na wanda ya riga mu kuwa, a tsakiyar kai, a ja shi ya zauna, kuma a yi da wuri tun jiki bai huce ba. Ta ce ba don majo ta yarda ba, ba kuma don tsoron mutuwa ba. Tambayar nan da aka yi a jikin bango ce ta hana ta sakat, da shirun da ya biyo bayanta. Ta ce za ta zauna a ɗaure, ta sha duk abin da na dama, amma da sharaɗi: duk safiyar da na ɗaure mata, sai na karɓi darasi ɗaya. Ni da nake neman ta ci abinci, me zan ce? Na ce na yarda.

Yau kwana goma sha shida ke nan. Haɓar ba ta sake gocewa ba. Tana shan kunun gyaɗa da fura, jiya har ta ci ɗan tuwo da miyar kuka na dama mata shi ruwa-ruwa. Zafin ya ragu in an gasa, ko da yake majo ya ce ƙarar ba za ta tafi ba, goro kuwa ita da shi har abada. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, takan riƙe shi a hannu tana shinshina. Ni kuma kowace safiya ina durƙusa a gaban uwata in ɗaure mata haɓa, tana kallona, tana gaya mini ta inda ake fara zuba ruwa, da yadda ake juya mutum ba a tona shi ba, da yadda ake tsefe kitso. Wani lokaci sai ta rufe ido ta saki jiki don in saba. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, wannan yana karya mini zuciya, kuma na yi fushi da ke a raina ba sau ɗaya ba, don wurinki ne nake durƙushe.

Ranar Lahadi Rakiya matar mai gyaran fitila ta rasu wajen haihuwa, yarinyar da ba ta wuce sa'ar Ɗan'auta ba. Aka aiko wa Inno kamar yadda aka saba. Ta dubi 'yar aiken, ta dube ni, ta tura mini ƙullin magarya da ƙafa. Na tafi. Ba zan faɗa miki abin da na gani ba, kin san ba a faɗa. Abin da zan ce kawai, da na zo kan haɓa hannuna ya san hanya, sai da na gama na lura na kusa kawo ƙullin gefe. Na mai da shi tsakiya. Ban zubar da hawaye ko ɗaya ba, mata har suna cewa 'yar Inno ce. Da na dawo na zauna a inda ta zauna ranar Gwaggo Jummai. Inno ta matso ta ɗora yatsa a gaban kunnena, daidai inda majo ya nuna, ta ji jijiyar a tsaye. Sai a lokacin na san tun safe haƙorana a cije suke. Ta ce in raba su. Ta ce wadda ta koya mata aikin ta gaya mata ba a kuka a kan gawa, amma ta manta ta gaya mata ana yi in an dawo gida, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce wannan shi ne darasin yau. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan Rakiya, ita ma na ji nata yana sauka a ƙeyata, har ƙyallen ya jiƙe sai da na sake mata wani. Ta kira sunan Jummai, ta kira na Malam, ta kira wasu da ban taɓa ji ba.

To ga abin da nake roƙo. In ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, ki nemi izinin Mai Nasara ki zo, ko wata ɗaya ne. Ba na ce Inno tana bakin tafiya ba, rai na Allah ne, tana ma iya binne mu duka. Amma ta tsufa a cikin wata biyun nan fiye da shekara goman da suka wuce, kuma duk kamiyon da ya tsaya a bakin unguwa sai ta ɗaga kai. Ki zo ki gan ta tun ƙullin yana gefe. Ɗaurin na iya shi yanzu, ta tabbatar na iya, kuma na yi mata alkawari ba baƙuwar da za ta taɓa ta. Sai dai aikin na mutum biyu ne, ɗaya na wankewa ɗaya na zuba ruwa, kuma ranar da zan mai da ƙullin nan tsakiya ba na so in ɗaga kai in ga wata ce riƙe da buta ba ke ba.

Ki gai da Mai Nasara da kyau, ki ce Idirisu yana gaishe shi. Ki shafa mini kan Fatsuma da Zainaba, ki ce kakarsu ta ajiye musu 'yan kunne. Ɗan'auta yana gaisuwa, haka Kawu Habu da mutanen Dakusa, da Gwaggo ta Zermu. Kaltuma ta ce in roƙe ki gafara, har yau ba ta iya haɗa ido da Inno. Na karanta wa Inno takardar nan in ban da wurin da na yi fushi da ke. Ta ce in gaya miki tana sa miki albarka, kuma in kin tashi zuwa kada ki wahalar da kanki da tsarabar goro.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ni ce ƙanwarki mai jiran ki,

Lubabatu.